Agara ta tsinke: tiyata, filasta da but, ko wurin mai ɗori?

Ranar wata Asabar da safe muna bal a filin makarantar firamare ta unguwarmu, na yunƙura zan bi wata ƙwallo da ko sauri ba ta yi, sai na ji tau! a bayan ƙafata ta hagu kamar an sheme ni da gora. Na faɗi, na waiga da niyyar in zagi wanda ya yi min keta, wallahi babu kowa a bayana, wanda ya fi kusa da ni golanmu ne kuma yana can yana gyara safa. Daga baya likita yake ce min kusan duk wanda agararsa ta tsinke labarin da yake kawowa ke nan, an harbe shi ta baya, a duba a rasa wanda ya harbe shi.

Agara ita ce wannan jijiya mai kauri da ta taso daga naman sha-raɓa ta sauka ta kama dunduniya. Duk jikin mutum babu jijiyar da ta kai ta ƙarfi, ita ke ɗaga ka in za ka yi ɗage, ita ke tunkuɗa ka gaba a kowane taku. Yawanci tana tsinkewa ne wajen santimita 2 zuwa 6 sama da ƙashin dunduniya, wurin da jini bai cika isa sosai ba, kuma ta fi kama maza 'yan shekara 30 zuwa 50, irinmu da muke zaune a shago ko ofis kwana shida mu fito rana ɗaya mu ce mu ne Ahmed Musa.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne bayan ta tsinke kana iya takawa. Da ɗingishi dai, amma kana tafiya, zafin ma yana lafawa bayan kwana biyu, sai kowa ya ce ai targaɗe ne. Gwajin kuwa ba shi da wuya: ka kwanta rub da ciki, ƙafafu su leƙo bakin gado, wani ya matse maka sha-raɓa. In agara lafiyarta ƙalau tafin ƙafar zai motsa ya yi ƙasa da kansa, in ta tsinke shiru za a gani. Sau da yawa ma in ka bi jijiyar da yatsa za ka ji wani ɗan rami a tsakiya. Hoton ƙashi ba ya nuna ta don ba ƙashi ba ce, sikanin ne ke nuna ta, irin dai injin da ake duba masu ciki da shi, ko MRI, wani babban injin ɗaukar hoton cikin jiki, in ana da hali.

To in ya tabbata tsinkewa ce, hanya uku ce a gabanka a nan ƙasar: tiyata (ita ma iri biyu ce), ko filasta da but (takalmin roba mai riƙe ƙafa) ba tare da an yanka ba, ko mai ɗori. Ni na zauna da wannan zaɓin kwana biyu ina juyayi, ga abubuwan da na ga ya kamata mutum ya auna da su.

Na farko kwana nawa da faruwar abin, kuma wannan ya fi duk sauran nauyi. Na biyu haɗarin ta sake tsinkewa. Na uku matsalar da maganin kansa zai iya jawowa, miki ya ƙi warkewa ko a taɓa jijiyar da ke sa ka ji taɓi a ƙafa, wato jijiyar ji. Na huɗu ƙarfin da ƙafar za ta dawo da shi. Sai kuɗi, sai kuma wahalar yau da kullum, wanka da bayan gida da salla da zuwa kasuwa.

Filasta da but, ba yanka

Da wannan zan fara don ita na bi. Hikimar ita ce in aka miƙar da tafin ƙafa ƙasa kamar mai ɗage, bakunan jijiyar biyu suna matsowa su haɗu, in aka riƙe su a haka jiki da kansa zai ɗinke. Shi ya sa lokaci ke da muhimmanci: a kwana biyun farko bakunan suna kusa, in ka yi sati biyu kana takawa naman sha-raɓa ya ja na sama ya tafi da shi, tsakiya ya cika da tsokar banza, ko an miƙar da ƙafar ba za su haɗu ba. Likitoci da yawa in ka wuce sati biyu ba a ɗaure ƙafar a haka ba, ba sa ma yarda da wannan hanyar.

Tsarin da aka fi bi: kamar sati biyu cikin filasta, wadda ake ce wa POP, kana kan sanduna ba ka taka ƙafar. Daga nan a koma but, wani ƙaton takalmin roba mai maɗauri da ke kai wa ƙasan gwiwa, a cusa weji, wato 'yan matasai masu ɗaga dunduniya, uku ko huɗu a ƙarƙashinta, ana zare ɗaya bayan sati ɗaya ko biyu har ƙafar ta dawo daidai. Gaba ɗaya sati 8 zuwa 10. In babu but ana iya yin duka da filasta, ana canza ta ana rage lanƙwasar. A Ingila an gwada wannan a kan mutum 540, aka fitar da sakamako a 2020, masu filasta da masu but bayan wata tara ba su da wani bambanci a warkewa ko sake tsinkewa. Don haka wanda bai samu but ba kar ya ɗauka an cuce shi. Bambancin na jin daɗi ne, da but kana fara takawa da wuri, kana iya kwance shi ka goge ƙafa. Filasta kuwa a zafin Afrilu, hmm, ƙaiƙayin da ke tashi a cikinta sai wanda ya ɗanɗana, ni har tsinken tsintsiya na so zurawa, ma'aikaciyar jinya ta ce in na ji wa kaina ciwo a ciki ba mai gani sai ya ruɓe.

Raunin wannan hanya shi ne sake tsinkewa. A ƙasar Nowe an raba mutum 554 gida uku (marasa tiyata, masu tiyatar buɗewa, da masu ƙaramin yanka), aka buga sakamakon a 2022: waɗanda ba a yi wa tiyata ba kashi 6.2 cikin ɗari ta sake tsinke musu, waɗanda aka yi wa kuwa kashi 0.6 ne kacal. Wato cikin marasa tiyata 16 kamar ɗaya. Amma a wannan binciken dai, bayan shekara guda, yadda suke jin ƙafarsu da yadda suke aiki da ita duk gida ukun kusan ɗaya ne. Akwai kuma haɗarin jijiyar ta warke da tsawo fiye da yadda take, kamar igiyar guga da ta saki, sai ka ga mutum ya warke amma ɗage da ƙafa ɗaya ya gagare shi. Wannan yawanci gaggawar zare weji ke kawo shi, ko taka ƙafa ba but, ko miƙe jijiyar da ƙarfi tun ba ta nuna ba.

Kuɗi: nan ne sauƙin yake. Kuɗin filasta, sanduna, but, sikanin, sai na gashi, wato atisayen da ake koya maka a asibiti don ƙafar ta dawo da ƙarfinta. But ɗin daga waje ake shigo da shi, farashinsa da dala yake tafiya, ana kuma samun na hannu wurin wanda ya warke. In za ka karɓi na hannu ka duba maɗauran suna kamawa, kuma wejin ya cika.

Tiyata ta buɗewa

A nan za a yi maka allurar baya ko ta barci, a kwantar da kai rub da ciki, a tsaga bayan ƙafar, a kamo bakunan biyu a ɗinke da zare mai ƙarfi. Aikin kansa bai fi kamar awa ɗaya ba. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne tiyata ba ta raba ka da filasta ko but ba. Za ka yi sati biyu a ɗaure kafin a cire zare, sannan but da weji har sati shida zuwa takwas, sannan gashi na watanni. Ɗinkin riƙe bakunan kawai yake yi, warkewar dai jiki ne zai yi ta a lokacinsa.

Ribar a fili take: sake tsinkewa ya yi ƙasa sosai, likita kuma yana ganin jijiyar da idonsa ya daidaita tsawonta, abin da ke taimaka wa ƙarfin tunkuɗa. Shi ya sa ƙwararrun 'yan wasa ita suke bi. David Beckham ta tsinke masa a Maris 2010 yana AC Milan, aka yi masa aiki a ƙasar Finlan, ya rasa gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu. 'Yan Arsenal kuma ba za su manta ɗan wasansu Koscielny ba, shi ma ta tsinke masa a Mayu 2018 a wasansu da Atletico Madrid, yana jinya Faransa ta ɗau kofin duniya ba shi, sai Disamba ya dawo fili. Ka lura, wannan mutum ne da ke da likitoci da masu gashi a kansa kullum, amma sai da ya yi wata bakwai.

Matsalarta fata ce. Ka taɓa bayan ƙafarka ka ji, daga fata sai jijiya, babu naman kirki a tsakani, jini kuma kaɗan ne ke zuwa. In miki ya yi ruwa a wurin nan abu ne mai wuyar sha'ani, yana iya kaiwa ga sake shiga tiyata har da dashen fata. Wani nazari da ya tattara bincike da yawa a 2019 ya samu matsaloli kashi 4.9 cikin ɗari ga masu tiyata, kashi 1.6 ga marasa ita, kuma mafi yawan bambancin daga shigar ƙwayoyin cuta ne. Mai ciwon suga, mai shan taba, dattijo, da wanda ya daɗe yana shan magungunan sitiroyid masu rage kumburi, nasu haɗarin ya fi haka. A ganina a nan sai mutum ya ƙara da nasa lissafin: ina za ka riƙa zuwa wankin miki, nisan wurin nawa ne, ƙura da zufa fa?

Kuɗi kuwa ita ce mafi tsada, nesa ba kusa ba. Kuɗin ɗakin tiyata, na mai allurar barci, gado, gwajin jini, magunguna, wankin miki, sannan duk abin da mai but zai saya kai ma sai ka saya. In aka faɗa maka kuɗin aiki ka nemi a rubuta maka abin da ke ciki da abin da ba ya ciki, don sau da yawa but da gashi ba sa cikin lissafin farko. Asibitin ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da likitocin ƙashi da sashen gashi a wuri ɗaya, wannan yana rage zirga-zirga.

Tiyata ta ƙaramin yanka

Ita wannan ƙananan huda ake yi, a zura zare ta ƙarƙashin fata. Miki kaɗan, tabo kaɗan, ruwan miki ya ragu. Sai dai likita ba ya ganin komai sarai, akwai kuma wata jijiyar ji da ke bin gefen waje na ƙafar, zare na iya kama ta. A binciken Nowe an taɓa jijiyar ji a kashi 5.2 na masu ƙaramin yanka, kashi 2.8 na masu buɗewa, kashi 0.6 na marasa tiyata. Sakamakon shi ne gefen tafin ƙafa ya mutu ko ya riƙa yi maka kamar tafiyar kiyashi. Ba kowane asibiti ke da kayanta ba, ba kuma kowane likita ya saba da ita ba. In aka ba ka ita, tambayi mai yin sau nawa ya yi.

Mai ɗori

Ba zan zagi masu ɗori ba, akwai gidajen da suka gaji abin kaka da kakanni, sun kuma fi kusa da talaka. Amma aikinsu na ƙashi ne da gocewa, nan kuwa ƙashi lafiyarsa lau. Abin da aka saba yi, ja da murza da ɗaure ƙafa da karare a miƙe yadda mutum ke tsayuwa, shi ne daidai kishiyar abin da agara ke so. Ja yana ƙara raba bakunan, ɗaurin da bai miƙar da tafin ƙafa ƙasa ba yana barin rami a tsakani.

Wani abokin kasuwancina haka ta faru da shi shekara guda bayan tawa. Na ce masa mu je asibiti, ya ce Malam kai dai ka cika son Turanci, kawunsa ya san wani. Aka ja, aka shafa, aka ɗaure, kumburi ya saɓe, zafi ya tafi, ya ce ya warke. Bayan wata biyu ya lura ba ya iya hawa matakalar bene sai ya juya ƙafar gefe, sha-raɓarsa ta tsotse kamar ta yaro. Da ya je asibiti aka ce ɗinki kai tsaye ba zai yiwu ba, bakunan sun yi nisa, sai da aka ciro jijiyar da ke lanƙwasa babban yatsan ƙafa aka dasa a dunduniya. Aikin ya fi girma, ya fi tsada, jinyar ta fi tsawo. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Duk tsinkewar da ta wuce sati huɗu zuwa shida ba a kula ta ba, ta zama tsohuwa, irin wannan aikin take nema.

| | Filasta da but | Tiyata ta buɗewa | Ƙaramin yanka | Ɗori |
|---|---|---|---|---|
| Lokacin da ta dace | kwanakin farko | sabuwa ko tsohuwa | sabuwa | babu |
| Sake tsinkewa | 6.2% | 0.6% | 0.6% | yawanci ba ta haɗuwa daidai |
| Taɓa jijiyar ji | 0.6% | 2.8% | 5.2% | matsi na iya hana jini gudu |
| Miki | babu | shi ne babban haɗari | kaɗan | in an yi tsaga |
| Zaman ɗauri | sati 8 zuwa 10 | sati 6 zuwa 8 | sati 6 zuwa 8 | ba tsari |
| Kuɗi | matsakaici | mai yawa | mai yawa | kaɗan da farko |

Alƙaluman kashi ɗin na binciken Nowe ne, inda kowa ke samun gashi a kan lokaci, a riƙe wannan a rai.

Abin da duk hanyar da ka bi sai ka sha

Ni a nan na fi shan mamaki, don na ɗauka ranar da aka cire but an gama. Ashe ranar aka fara. Na cire na ga ƙafa siririya, fata tana saɓa, na ce zan yi ɗage da ita ko motsi dunduniyar ba ta yi daga ƙasa ba. Mai gashin da ke duba ni ta fara da ni da ɗage a zaune, sai a tsaye da ƙafa biyu ina dafa bango, sai in hau da biyu in sauko da ɗaya a hankali. Wata biyar da faɗuwata kafin na ɗaga jikina da ƙafar hagu ita kaɗai, shi ma da ƙyar. Komawa gudu da bal ana maganar wata 6 zuwa 12 ne ko an yanka ko ba a yanka ba, kuma mutane da yawa sha-raɓar ba ta komawa girman 'yar'uwarta.

Watannin farko bayan cire but su ne mafi haɗarin sake tsinkewa. Ba a fili take faruwa ba, a gida ne: ka tashi cikin dare ba wuta ka zura silifas, ka yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ko santsin banɗaki. Masai na tsuguno ka manta da shi na wani lokaci, tsuguno yana miƙe agara iya miƙewa, a nemo kujerar roba a huda ko a sayi ta marasa lafiya. Salla a kan kujera na yi ta kusan wata uku, alwala kuma shafa a kan ɗaurin. In ƙafar dama ce ba tuƙin mota, don da ita ake taka birki. Mashin kuwa ko wacce ce a haƙura, hagu giya dama birki.

Sai gudan jini. Ƙafar da aka ɗaure ba ta motsi jini na iya daskarewa a cikinta, da tiyata ko babu. In sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi fiye da da, ko numfashi ya fara yi maka wuya, ko ƙirji ya riƙe, wannan ba na jira har gobe ba ne. Ka tambayi likita tun farko ko kana cikin waɗanda ake ba maganin tsinka jini.

Wani abu kuma da ya shafe mu sosai: Cipro. Da an ji zazzaɓi sai a ce taifod, a tafi kemis a karɓo ciprofloxacin ko 'yan'uwanta levofloxacin da ofloxacin. Waɗannan magunguna suna raunana agara, tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta gargaɗi mafi girma a kwalinsu kan haka, haɗarin kuma ya fi yawa ga wanda ya haura 60 da mai shan sitiroyid. In kana jinyar agara ka faɗa wa duk wanda zai rubuta maka magani. Haka allurar sitiroyid a cikin jijiyar don kashe ciwo, ita ma tana iya kai ta ga tsinkewa.

To wa ya kamata ya ɗauki wacce?

In yau ko jiya abin ya faru, aikinka na shago ne ko ofis ko aji, kuma ka san kanka da bin doka, za ka kwana da but ka tashi da shi, filasta da but sun ishe ka, musamman in sikanin ya nuna bakunan suna haɗuwa in an miƙar da ƙafa. Mai suga, mai shan taba da dattijo su ma nan ya fi musu, saboda miki.

In kai matashi ne mai buga bal da gaske, ko ɗan dambe ko kokawa, ko soja, ko aikinka na hawa da tsalle da ɗaukar kaya ne, kuma lafiyarka ƙalau, ga kuɗin, tiyata ta fi dacewa. Ta buɗewa ko ƙaramin yanka, wannan ka bar wa wadda hannun likitanka ya fi sabawa da ita.

In an daɗe, sati biyu ko fiye kana ɗingishi a kai, ko ta taɓa tsinkewa ta sake, ko jijiyar ta ɓalle ne daga jikin ƙashin dunduniya, zaɓin ya ragu, ka shirya wa tiyata ta buɗewa.

In kuwa yanka ne, kwano ko adda ko fasasshen gilashi, ko dunduniyar yaro ta shiga sifok ɗin mashin, babu ma maganar but ko ɗori. Wannan asibiti ne a ranar, a wanke, a yi allurar tetanus, a ɗinke.

Wanda kuma tasa ba ta tsinke ba, ciwo ne da tauri a bayan dunduniya in ya tashi da safe, ya ɗan taka ya saki, shi ba ya cikin duk wannan. Nasa kumburin agara ne, maganinsa rage gudu da tsalle, da atisayen tsayawa a bakin matakala ana sauke dunduniya a hankali, sau 15 zagaye uku safe da yamma har sati 12, mai gashi ya nuna masa yadda ake yi.

Wanda yake ƙauye nesa da asibitin ƙashi, abin da zai yi kafin ya samu mota: ya daina taka ƙafar, a miƙar da tafinta ƙasa a ɗaure a haka ba da matsi ba, a ɗora ta kan matashi, duk asibitin da ke iya sa filasta a ce musu a sa ta ƙafar tana kallon ƙasa, sannan a nemi takardar tura shi gaba.